Darasi na 9: Farfaɗo da Ƙasar da Mai Ya Ɓata

Ranar Asabar 18 ga Janairu, 2025, da hantsi, wata tanka ɗauke da fetur lita 60,000 ta kife a mahaɗar Diko, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna. Man ya malale a gefen titi, jama'a suka yo ca da jarkoki da bokitai. Ana ƙoƙarin juye sauran man cikin wata tankar da taimakon janareta sai wuta ta tashi. Da farko hukumomi sun ce mutum 86 ne suka rasu, daga baya adadin ya kai 98. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙurin rashi. Mai yiwuwa a ajin nan akwai wanda ya rasa ɗa ko ƙani ko maƙwabci a wannan rana, don haka ba za mu tsawaita a kanta ba.

Bayan haɗarin an yi maganar rayuka, an yi maganar shagunan da suka ƙone, an yi maganar girman tankokin da ke bin hanyoyinmu, har hukumar NMDPRA mai kula da dakon mai da sayar da shi ta hana lodin tanka mai cin lita 60,000 daga 1 ga Maris na shekarar. Duk maganganu ne da suka kamata. Wadda ba a cika yi ba ita ce ta ƙasa. Man da ya nutse cikinta, ina yake tafiya? Ƙasar ta mutu ke nan, ko tana da magani? A kan wannan darasinmu yake. In kun gama shi za ku iya gyara ɗan fili da hannunku, ku kuma gane filin da ya fi ƙarfinku, wanda sai an kira hukuma.

Ɗigon kullum

Diko gari ne na bakin hanya, hanyar kuma ta mai ce. Ga daffon NNPC na Suleja a Maje, nan kusa, ga tankoki da tireloli da ke kwana a gefen titi. Inda manyan motoci suka tsaya kuwa, nan kanikawa ke kafa rumfa. Ƙara da masu gyaran babur, da masu injin niƙa, da janaretan bayan shago, da injin ban-ruwa a fadama. Kowane inji cikin waɗannan sai an yi masa juye, kuma galibi ƙasa ce ke shanye abin da aka juye. Ku tsaya a garejin da ya shekara goma a wuri ɗaya, ku dubi inda bakanike ke shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin mota. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta daskare, tana ƙyalli, ko tsiron ciyawa ɗaya babu.

A nawa ganin, wannan ɗigo na kullum ya fi yi wa ƙasa illa mai daɗewa fiye da haɗarin rana ɗaya. Dalili kuwa, mai ba iri ɗaya ba ne.

Fetur ba shi da nauyi. Da ya zube, kaso mai yawa yana tashi ya bi iska, shi ya sa warinsa ke gauraye wuri nan da nan. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi, ya kwanta a kwatami da ramuka, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wanda bai tashi ba yana nutsewa da sauri, musamman a yashi, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira benzin, mai narkewa a ruwa, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Haɗarin fetur ke nan: wuta a ranar, rijiya daga baya.

Kananzir da man gas sun fi fetur daɗewa a ƙasa, amma suna cikin waɗanda suka fi sauƙin magani ta hanyar da za mu koya.

Baƙin mai shi ne mai taurin kai. Yana da kauri, ba ya tashi, yana manne wa ƙwayar ƙasa shekara da shekaru. Kuma ba mai ne zalla ba. Zagayen da ya yi a cikin inji ya kwaso ɓurɓushin ƙarafa irin su tutiya da dalma, ya kwaso dattin ƙuna wanda yawan taɓa shi ke iya jawo sankarar fata. Duk da haka mun mai da shi maganin komai. Ana shafa wa katako don gara, ana yayyafa shi a ƙofar gida don ƙura, ana shafa wa dabba mai ciwon fata, ana tuttula shi a masai don wari da sauro. Na masai ya fi duka muni. Ramin ya riga ya kai man kusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda babu iskar da za ta taimaka a cinye shi, rijiyar gidan kuma sau da yawa tana nan taku kaɗan.

Me mai ke yi wa ƙasa?

Ƙasa mai rai ba a dunƙule take ba. Tsakanin ƙwayoyin yashi da na laka akwai ƙananan kafofi. Ta nan iska ke shiga, nan ruwa ke zama, nan saiwa ke ratsawa. Mai yana toshe kafofin, ya lulluɓe ƙwayoyin ƙasar ta yadda ruwa ba zai kama su ba. Ku zuba kofin ruwa a ƙasar gareji ku gani: ruwan yana tsayawa a sama ne ko ya gangare. Irin da aka shuka ba ya jiƙa balle ya tsira, wanda ya tsira saiwarsa ta shaƙe, tana ta mutu ko ta ƙaura. A gefen fili, inda man bai yi yawa ba, masara takan fito amma ganyenta ya yi rawaya, ta tsumbure. Ku riƙe wannan rawayar a zuciya, za mu ga dalilinta nan gaba kaɗan.

Yashi yana barin mai ya yi ƙasa da sauri. Laka tana riƙe shi a sama, amma ita kuma iska ba ta shigarta da sauƙi. In damina ta sauka, daga Afrilu zuwa Oktoba a wannan yanki, ruwa yana kwashe abin da ke sama ya bi da shi kwatami, ya kai rafi, ya kai fadamar da ake noman rani.

Masu cin mai

A cikin cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau akwai ƙananan halittu miliyoyi, har sukan kai biliyan. Ido ba ya ganinsu sai da na'ura. Wasu bakteriya ne, wasu dangin fumfuna. Su ne ke ruɓar da kara da ganye da mushe su koma ƙasa. Shi man fetur da danginsa asalinsu ragowar halittu ne da suka daɗe a ƙarƙashin ƙasa, kuma abubuwa biyu ne ginshiƙinsu, kabon da haidirojin. Cikin ikon Allah, akwai ƙwayoyin ƙasa da ke iya cin wannan haɗi, irin su Pseudomonas da Bacillus, ba sai kun haddace sunayen ba. In sun ci, abin da suke fitarwa ruwa ne da irin iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Ba ɓoye man suke yi ba, ba kuma matsar da shi wani wuri suke yi ba. Ƙarar da shi suke yi.

To, in haka ne, me ya hana su cinye na gareji tun tuni?

Saboda mai a wurinsu gayan tuwo ne, babu miya. Kabon ya yi musu yawa, amma ba za su iya girma su hayayyafa ba sai da naitirojin da fosfaras, mai kuwa ba shi da su. Masana suna auna bukatar kamar haka: kowane kashi 100 na kabon yana neman kamar kashi 10 na naitirojin da kashi 1 na fosfaras. Da mai ya zuba, ƙwayoyin sukan wawashe ɗan naitirojin ɗin da ke cikin ƙasar, su bar shuka da yunwa. Dalilin rawayar masarar ke nan. Da ya ƙare, su ma sai su tsaya. Ga shi kuma man ya toshe musu iska, alhali masu saurin cin mai a cikinsu sai da iska suke aiki.

Nan taki ya shigo. Ku lura da kyau, domin nan ne mutane ke kuskuren fahimta: taki ba wanke mai yake yi ba, ba kuma tsotse shi yake yi ba. Ciyar da masu cin man yake yi. Kashin kaji ya fi sauran takin gargajiya naitirojin da fosfaras, shi ya sa ya fi saurin aiki. Na shanu da na awaki sun fi shi sanyi, amma suna gyara jikin ƙasa, su sa ta riƙe laima. Dukansu kuma suna zuwa da nasu ƙwayoyin. Tun a 2003, U. J. J. Ijah na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da abokin aikinsa S. P. Antai suka wallafa binciken da ya nuna a cikin kashin kaji kansa akwai ƙwayoyin da ke cin ɗanyen mai. Ɓuntun shinkafa da dusar katako da yankakken kara aikinsu daban: su ne ke buɗe ƙasa iska ta shiga. Amma kada a zuba dusar katako ita kaɗai, domin ita ma kabon ce, za ta ƙara wa ƙasar yunwar naitirojin. Garin gawayi yana riƙe mai da laima, ya hana su gudu ƙasa kafin a cinye.

Takin zamani ma yana yi. Lokacin da jirgin ruwan dakon mai Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska ta Amurka a 1989, taki aka watsa a wasu gaɓoɓin don ƙwayoyin wurin su ƙara himma. Sai dai buhun yuriya kun san kuɗinsa, ruwa yana wanke shi da wuri, kuma ba ya buɗe ƙasa. Mai gidan kaji kuwa wani lokacin neman mai kwashe masa yake yi, ɓuntu kuma tsibi yake a bayan injin casar shinkafa.

Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna ƙarfin wannan hanya da kuma iyakarta. O. P. Abioye, shi ma na jami'ar Minna, tare da abokan aikinsa a Maleshiya, sun gauraya ƙasa da baƙin mai a ɗakin gwaje-gwaje, suka ƙara mata sharar da ke ruɓewa kashi 10 cikin 100: wata ɓawon ayaba, wata tsohon takin noman naman kaza, wata dusar hatsin da kamfanonin giya ke zubarwa. Bayan kwana 84, a ƙasar da man cikinta yake kashi 5 cikin 100 kuma aka sa mata dusar, kashi 92 na man ya ƙare. A wadda man ya kai kashi 15, kashi 55 kawai ya ƙare. Dusa ɗaya, kwanaki ɗaya, amma yawan man ya sauya sakamako. In mai ya yi yawa, su kansu ƙwayoyin guba yake zame musu. A gona kuma aikin ya fi na ɗakin gwaji jinkiri, domin a can ana tsare laima da zafi yadda ake so.

Aikin kansa

Kafin komai: wannan aiki na tsohon zubi ne. Inda fetur ya zube yanzu, ko ake jin warinsa da ƙarfi, ba wurin shebur da fartanya ba ne, ƙarfe in ya daki dutse yana ba da tartsatsi. A nisanci wurin, a kori yara, a kashe duk wani inji, a kira 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.

In tsohon wuri ne, fara da sanin zurfin ɓarnar. Haƙa ƙananan ramuka uku ko huɗu a tsakiya da gefe, ka duba inda baƙin ya tsaya, ka shinshina. Sa takalmin roba da safar hannu, kada ka ci abinci a wurin. In man bai wuce santimita 30 ba, wato kamar taƙi ɗaya da rabi, kuma babu rijiya ko rafi kusa, za a iya yin maganin a nan inda yake. In akwai ruwa kusa, gara a haƙe ƙasar a kai ta tudu, a shimfiɗa ta a kan tamfol ko leda mai kauri, a kewaye da ɗan kunya don kada ruwan sama ya kwashe ta. Kaurin shimfiɗar kada ya wuce abin da fartanya za ta iya juyawa har ƙasa.

Ɓawon saman da ya daskare, wanda mai ne kusan zalla, a kankare shi a zuba a durom a rufe. Wannan ya fi ƙarfin ƙwayoyin. Sauran ƙasar a farfasa ta sosai, domin dunƙule ɗaya da bai fashe ba zai iya riƙe mansa a ciki har bayan shekara. In ka matsa ƙasar a hannu ka ga mai yana fita, to ta yi yawa, sai a sirka ta da ƙasa mai kyau, ta gona ko ta gindin tsohon juji, wadda ita ma tana zuwa da ƙwayoyinta.

Ga ma'aunin farawa, ba doka ba ne: kowane baro 10 na ƙasa, a sa baro 2 na busasshen kashin kaji ko baro 3 na kashin shanu, da baro 2 na ɓuntu. Kashin kajin ya zama wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyensa yana da zafi, kuma in aka cika shi yana ƙona ƙwayoyin yadda yake ƙona shuka, manoma sun san wannan. Gara a sa kaɗan, bayan wata biyu a ƙara. Toka ma in za a sa, ɗan barbaɗe ya isa, domin ƙwayoyin ba sa son ƙasa mai tsami sosai, ba sa kuma son wadda toka ta yi wa yawa.

Sai laima. Damƙi ƙasar a tafin hannu. In ta dunƙule kuma ruwa bai ɗiga ba, ta yi daidai. In ta warwatse, tana son yayyafi. In ruwa ya tsiyaye, ta jiƙe da yawa, iska ba za ta shiga ba, a bar ta ta sha iska. A rufe saman da kara ko busasshiyar ciyawa saboda rana. Ranar ruwa mai ƙarfi a yafa leda, amma da an ɗauke a yaye ta.

Sannan juyi, wanda shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da ake fara yin kasala a kansa. Duk mako ɗaya ko biyu a bi filin da fartanya a juya shi sama da ƙasa. Wanda ya zuba taki ya tafi abinsa, ya ciyar da ƙwayoyin ne ya hana su numfashi. Zafin ƙasarmu yana taimakawa, domin ƙwayoyin suna aiki tsakanin digiri 10 da 45 a ma'aunin Salshiyas, mu kuwa kusan duk shekara muna cikin wannan tsakani. Abin da ke ba da wuya shi ne bushewar hunturu da bazara. Shi ya sa farkon damina ya fi dacewa da farawa, sai dai ga wanda ke da ruwa a kusa.

Wata nawa? Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta daɗe tana amfani da wannan hanya a filayen da tankunan gidajen mai suka yoye, ta ce daga wata 6 zuwa shekara 2 in komai ya tafi daidai, kuma da wuya a ƙarar da fiye da kashi 95 cikin 100. Man gas yana saurin tafiya, baƙin mai yana jan lokaci. Makonnin farko ake ganin canji da sauri, daga nan aikin ya lafa, domin mai sauƙin ci ya ƙare, saura mai tauri. Wanda ya ce maka zai gyara gareji a mako biyu, yashi zai zuba a kai.

Zuba sabon yashi ɗin yana cikin dabaru uku da ake yi waɗanda ba magani ba ne. Ya rufe wa ido, ya kuma ƙara toshe iska. Ta biyu ita ce tara kara ko tsofaffin tayoyi a cinna wa wurin wuta: ƙwayoyin saman su mutu, hayaƙi mai guba ya shiga ƙirjin maƙwabta, man da ke ƙasa kuma yana nan. Ta uku wankewa da omo da ruwa, wadda ita ce mafi haɗari, domin sabulu yana sa mai ya haɗu da ruwa ya bi shi zuwa inda ba a so.

A bar iri ya yi shaida

Ba kowa ke da kuɗin ɗakin gwaje-gwaje ba, amma kowa yana da masara ko wake. Samo kwano biyu masu huji a gindi. Cika ɗaya da ƙasar da kake wa magani, ɗayan da ƙasar gona mai kyau. Shuka ƙwaya 20 a kowanne, daga iri ɗaya, ka ajiye su wuri ɗaya, ka shayar da su daidai. Bayan kwana 10 ka ƙirga waɗanda suka tsira, ka tuge wasu ka gwada tsawon saiwa. Misali, in na gona ya ba da 18, na maganin ya ba da 6 masu gajeriyar saiwa, da sauran aiki. In bayan wata uku ka sake ka sami 16, an kusa. Dawowar tana da tsirowar ciyawa da kanta su ma alamu ne masu kyau.

In an kai nan, kada a yi gaggawar shuka abinci. A fara da ciyawa mai saiwa da yawa irin su jema ko gamba. Saiwarsu tana buɗe ƙasa, tana kuma ciyar da ƙwayoyin su ƙarasa ragowar. In filin tsohon gareji ne, ciyawar kada a ba dabbobi. Doya da rogo da dankali da gyaɗa, waɗanda abin cinsu a cikin ƙasa yake, da ganyen miya irin alayyafo, su ne na ƙarshen shiga. Ga dalili.

Inda taki ba ya kaiwa

Ƙwayoyin ƙasa suna cin mai, amma ba sa cin ƙarfe. Dalmar da ta shiga ƙasa tana nan ko bayan man ya ƙare, kuma gwajin iri ba ya nuna ta. A gareji dalma ba daga baƙin mai kaɗai take zuwa ba, mafi yawanta daga tsofaffin batura ne da ake fasawa ana zubar da ruwansu. Mu a Arewa mun ga abin da dalma ke yi. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka mutu, a ƙaramar hukumar Rafi ta jiharmu ta Neja a 2015 yara 28. Waccan dalmar daga dutsen zinariya ta fito, ba daga mota ba, amma dalma dalma ce, kuma yara ta fi kamawa domin su ke wasa a ƙasa suna kai hannu baki. A ƙauyukan Zamfara ba taki aka zuba ba. Kankare saman ƙasar aka yi aka binne a rami na musamman, aka kawo sabuwa. Don haka filin da aka taɓa fasa batir a kansa, ko tsohon gareji da ake so a mai da shi gida ko lambu, sai an kai samfurin ƙasarsa an gwada. Kuɗin gwajin bai kai na asibiti ba.

Iyaka ta biyu zurfi ne. A watan Agustan 2011 hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. An sami mai ya nutse har mita 5 a wurare da dama. A lokacin, a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiyar da benzin ɗinta ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Rahoton ya ce farfaɗo da yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Abin da ya fi shafar darasinmu shi ne hukuncin da ya yanke kan hanyar da kamfanin Shell ke bi a lokacin, wato juya saman ƙasa a ƙara mata taki: bai wadatar ba, domin man ya riga ya wuce inda ake juyawa. Hanyar ba ƙarya ba ce, an dai yi amfani da ita ne a inda ba ta kaiwa. Fartanya taƙi ɗaya da rabi take shiga. Abin da ya wuce nan aikin motar haƙa ne da injiniyoyi.

Rijiya kuwa in ta fara warin mai, ko aka ga ƙyalli mai launi-launi a saman ruwan, a daina sha, a daina girki da shi, a daina ba dabbobi. Tafasawa ba ta mai da shi abin sha. A sanar da mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Alhakin wa?

Ƙa'idar a fili take: wanda ya zubar shi zai gyara. Tun 2006 aka kafa hukumar NOSDRA don sa ido kan malalar mai, kuma dokarta ta wajabta wa wanda mansa ya malale ya kai rahoto cikin awa 24. A jiha akwai hukumar kare muhalli ta NISEPA. In tanka ta faɗi a gonarka, ɗauki hoto daga nesa, rubuta rana da lambar motar, ka kai wa dagaci da hukuma tun kafin a janye ta. Diyyar amfanin gonar bana daban, gyaran ƙasar daban, kada a haɗa maka su a biya ɗaya.

Na gareji kuwa ba sai an jira Abuja ba. Faranti mai faɗi a ƙarƙashin inji lokacin juye, durom mai murfi a kowace rumfa, ɗan dandamalin siminti inda ake aiki, da buhun dusar katako na tsane abin da ya ɗiga. Ƙungiyar kanikawa da ke iya tara kuɗin mako tana iya sa wannan doka ta kuma ci tarar wanda ya karya. Baƙin mai ma kuɗi ne, akwai masu saye, sai dai a tambayi mai sayen abin da zai yi da shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ganyen masara ke yin rawaya a gefen wurin da mai ya zuba?
2. Wani ya zuba kashin kaji a filinsa ya bar shi wata huɗu bai taɓa ba, bai ga canji ba. Me ya rasa?
3. Kana da ƙasa baro 35. Baro nawa na kashin kaji da na ɓuntu za ka nema?
4. Maƙwabcinka ya sayi tsohon gareji, iri ya tsira da kyau a gwajinsa, yana so ya shuka alayyafo. Wace shawara za ka ba shi?

Aikin gida

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi izinin mai injin niƙa ko mai gyaran babur a unguwarsu, ya ɗebo ƙasa kwano ɗaya daga inda tsohon mai ya zuba, da kwano ɗaya daga gona. Ku sa leda a hannu wajen ɗiba, ku ajiye kwanonin inda yara ba sa kaiwa. Ku shuka wake 20 a kowanne, ku rubuta ranar shuka a littafinku. Bayan kwana 10 ku zo aji da kwanonin da lissafinku. Wanda ke da kaji a gida ya taho da busasshen kashinsu rabin kwano, da shi za mu fara yi wa ƙasar magani a darasi na gaba.